Christopher Strachey (1916–1975): Malamin Sakandaren da Ya Zama Farfesan Kimiyyar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Kowane ɗalibin harshe ya san cewa jimla tana da fuska biyu. Akwai gininta, wato yadda kalmomi suke jeruwa bisa ƙa'idojin nahawu, akwai kuma ma'anarta, wato abin da mai sauraro yake fahimta idan an furta ta. Tsakanin mutum da mutum, idan ma'ana ta shige duhu, mai sauraro yakan yi tambaya, ko ya dubi fuskar mai magana, ko ya cike giɓin da hankalinsa. Ita kuwa kwamfuta, abin da aka rubuta mata shi take aiwatarwa, ko da ba shi ne nufin marubucin ba. To, ta yaya za a tabbatar da ma'anar umarnin da aka ba inji, har kowa ya yarda da ita ba tare da gardama ba? Wannan tambaya ita ce ta mamaye shekarun ƙarshe na rayuwar Christopher Strachey, Baturen Ingila wanda ya zama farfesan kimiyyar kwamfuta na farko a Jami'ar Oksifod. Ana furta sunan danginsa kamar Sitireci.

Wannan babi zai bi tarihin rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa rasuwa. An zaɓe shi ne saboda dalilai biyu. Na farko, malamin aji ne wanda ya shafe kimanin shekara 7 yana koyarwa a makarantun sakandare kafin ya koma aikin kwamfuta gaba ɗaya. Na biyu, bincikensa ya shafi harshe da ma'ana, waɗanda su ne ginshiƙan karatun duk wani malamin Hausa.

2.0 Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Christopher Strachey ranar 16 ga Nuwamba, 1916, a unguwar Hampstead ta birnin Landan, lokacin da yaƙin duniya na ɗaya yake tsakiyar ci. Gidansu gidan ilimi ne. Mahaifinsa, Oliver Strachey, ƙwararre ne wajen warware rubutun sirri, kuma ya yi wa gwamnatin Birtaniya wannan aiki a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Mahaifiyarsa, Ray Strachey, ta karanci lissafi a Kambirij, sannan ta yi suna a fafutukar nema wa matan Birtaniya 'yancin jefa ƙuri'a, har ta wallafa littafi a kan tarihin wannan fafutuka a shekarar 1928. Ƙanen mahaifinsa, Lytton Strachey, shahararren marubucin tarihin rayuwar mutane ne. A shekarar 1919 iyalin suka koma unguwar Bloomsbury, wadda a lokacin ta zama matattarar marubuta da masu zane da masana.

Duk wanda ya dubi wannan asali zai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma a makaranta lamarin bai zo da sauƙi haka ba. Yana ɗan shekara 13 aka sa shi a makarantar kwana ta Gresham da ke yankin Norfolk. Malamansa sun ga kaifin basira a tare da shi, sai dai ba ya mayar da hankali ga darasin da bai ba shi sha'awa ba, don haka sakamakonsa bai yi daidai da basirarsa ba. A shekarar 1935 ya shiga Kwalejin King ta Jami'ar Kambirij, inda ya fara da lissafi, daga baya ya koma fiziks. A ƙarshen shekararsa ta uku ya yi fama da matsananciyar damuwa wadda ta tilasta masa dakatar da karatu. Da ya dawo ya kammala, digiri mai daraja ta biyu a mataki na ƙasa ya samu. Wannan sakamako ya rufe masa ƙofar zama a jami'a don yin bincike.

3.0 Shekarun Yaƙi da Shekarun Koyarwa

A shekarar 1939 Strachey ya kama aiki da kamfanin Standard Telephones and Cables a matsayin mai bincike. Aikinsa shi ne yin lissafin da ake buƙata wajen ƙera kwalaben lantarki na na'urar da ke hango jiragen sama daga nesa, wadda Birtaniya ta dogara da ita ƙwarai a yaƙin duniya na biyu. Lissafin yana da wuya sosai, har sai da ya yi amfani da wani inji mai faya-fayai da sanduna masu juyawa wanda aka ƙera don warware irin wannan lissafi. A nan ne ya fara sha'awar injunan lissafi, ya shiga karanta duk abin da ya samu a kansu. Ya nemi gurbin karatun digirin bincike a Kambirij, aka ƙi ba shi, sai ya ci gaba da aikin kamfani har yaƙi ya ƙare.

A shekarar 1945 ya cika wani buri da ya daɗe da shi, wato ya zama malamin makaranta. Ya fara koyar da lissafi da fiziks a makarantar St Edmund da ke birnin Kantabari, sannan a 1949 ya koma makarantar Harrow, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun sakandare masu suna a Ingila. Ya zauna a can har 1952.

Akwai shaidar da ke nuna cewa aji ya yi tasiri a tunaninsa. A watan Mayu na 1951 masanin lissafi Alan Turing ya gabatar da jawabi a gidan rediyon BBC a kan ko kwamfuta za ta iya tunani. Strachey ya saurari jawabin, ya rubuta wa Turing doguwar wasiƙa daga Harrow. A cikinta ya bayyana cewa ɗalibi yana bin matakai 3 idan yana koyo daga malami. Da farko ana nuna masa 'yan misalai na ƙa'idar da ake son ya koya. Daga nan sai a fito da abin da misalan suka yi tarayya a kai, a mayar da shi ƙa'ida ta gaba ɗaya. A ƙarshe sai ɗalibi ya gwada ƙa'idar a kan sababbin misalai, ya yi tambayoyi. A ganinsa, gano dangantaka tsakanin abubuwa shi ne jigon koyo, kuma duk injin da ake so ya koyi wani abu sai ya iya wannan. Malamin da ya karanci dabarun koyarwa zai gane wannan tsari nan take, domin shi ne koyarwa daga misali zuwa ƙa'ida.

4.0 Haɗuwarsa da Kwamfuta

A lokacin da Strachey yake Harrow, kwamfutocin da ke duniya ba su da yawa, kowace kuma tana cike ɗaki. Jami'ar Mancesta ta gwada tata ta farko a watan Yuni na 1948, Kambirij ta bi baya a watan Mayu na 1949. A watan Janairu na 1951 wani abokinsa ya haɗa shi da Mike Woodger na Ɗakin Binciken Fiziks na Ƙasa da ke Teddington, inda aka ƙera wata kwamfuta mai suna Pilot ACE bisa tsarin da Turing ya zana. Strachey yana da shekara 34 a lokacin.

Kwamfuta ba ta yin komai sai an ba ta jerin umarni, mataki bayan mataki. Wannan jerin umarni shi za a riƙa kira shiri a cikin wannan babi. Masu amfani da kwamfuta a wancan zamani lissafin kimiyya suke sa ta yi. Strachey kuwa sai ya ɗauki wasan daraf, wato darar Turawa, irin wadda ake bugawa a allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. A lokutan da ba shi da darasi ya zauna ya rubuta shirin da zai sa inji ya buga wasan. Dabarar ita ce a mayar da allon lambobi, injin ya lissafa duk motsin da doka ta yarda ya yi, ya hango amsar da abokin karawa zai iya bayarwa, da tasa amsar a kan wannan, har zuwa 'yan matakai gaba, sannan ya zaɓi hanyar da za ta fi bar masa riba. An gwada shirin a kan Pilot ACE ranar 30 ga Yuli, 1951, amma bai yi aiki ba saboda kurakurai, ga shi kuma ya cinye ma'ajiyar injin gaba ɗaya.

Da ya ji cewa kwamfutar Mancesta, wato Ferranti Mark 1, ta fi girman ma'ajiya, sai ya nemi Turing ya aiko masa da littafin jagorar da ya rubuta a kanta. Sun san juna tun a Kwalejin King. Littafin ya yi suna wajen wuyar fahimta, amma Strachey ya naƙalce shi yana zaune a Harrow, ba tare da injin a gabansa ba. Lokacin da ya je Mancesta da wani dogon shiri, sai aka bar masa injin ya kwana yana gyara kurakurai. Da gari ya waye shirin ya yi aiki, a ƙarshensa kuma injin ya busa taken ƙasar Birtaniya. Yadda ya yi shi ne, injin yana da wata lasifika da aka sa don jawo hankalin mai kula da shi. Idan aka maimaita umarnin ƙararta da sauri sai ta ba da amo, idan aka sauya saurin maimaitawar sai amon ya hau ko ya sauka. A cikin 1951 ɗin ne BBC ta naɗi kiɗan wannan inji, faifan kuma yana cikin mafi tsufan kiɗan kwamfuta da aka adana. Wasu masu bincike a ƙasar Niyu Zilan sun gyara sautinsa a shekarar 2016.

Zuwa tsakiyar 1952 shirin daraf ya iya buga cikakken wasa, yana nuna allon a fuskar gilashin injin. A watan Satumba na wannan shekara Strachey ya yi bayaninsa a wani taron masana a birnin Toronto na ƙasar Kanada.

Aikinsa na uku a wannan lokaci shi ya fi kusa da darasin harshe. A 1952 ya rubuta shirin da ke sa kwamfuta ta tsara wasiƙun soyayya. Ya ba ta ƙirar jimla mai gurabe, gurbin sifa da na suna da na bayanau da na aikatau, ya kuma ba ta jerin kalmomi na kowane aji. Injin sai ya riƙa ɗauko kalma ta hanyar ƙuri'a yana cike kowane gurbi. Wannan daidai yake da jadawalin musanya da malaman harshe suke zanawa a allo don ɗalibai su gina jimloli. Wasiƙun suna fitowa da nahawu mai kyau, amma babu wanda yake nufin abin da ke cikinsu. Strachey ya yi haka ne don raha, kuma ya yi bayanin dabarar a wata mujalla a 1954. Sai dai rahar ta nuna wata gaskiya da za ta dawo masa daga baya: inji yana iya bin ƙa'idar ginin jimla ba tare da an taɓa batun ma'ana ba.

5.0 Aikin Hukuma da Aikin Kansa

Labarin abin da ya yi a Mancesta ya bazu, sai Hukumar Bunƙasa Bincike ta Ƙasa ta ɗauke shi aiki a 1952. Ta haka ya ajiye alli. Aikinsa na farko mai girma shi ne a Toronto, inda ya taimaka wajen rubuta shirin da ya lissafa yadda tsayin ruwa zai sauya a kogin St Lawrence idan aka yi aikin buɗe shi ga manyan jiragen ruwa. An buɗe wannan hanyar ruwa tsakanin Kanada da Amurka a 1959.

Bayan dawowarsa ya sa hannu wajen tsara kwamfutoci biyu, Elliott 401 da Ferranti Pegasus. A wancan zamani injiniyoyi ne suke ƙera inji yadda ya fi musu sauƙi, sannan mai rubuta shiri ya sha wahala da shi. Strachey ya dage cewa a fara duba buƙatar mai rubuta shirin. Pegasus, wadda ta fito a 1956, ta yi farin jini saboda sauƙin aiki da ita, an kuma sayar da kusan 40.

A watan Yuni na 1959, a wani taron da hukumar UNESCO ta shirya a birnin Faris, ya gabatar da takarda a kan raba lokacin kwamfuta. Matsalar ita ce inji mai tsada yana zaune babu aiki duk lokacin da mutum ɗaya yake tunani ko yake gyara kuskure. Shawararsa ita ce injin ya riƙa ɗauke da shirye-shirye da dama a lokaci guda, yana juyawa daga wannan zuwa wancan da sauri, ta yadda wani zai iya gyara nasa shirin alhali sauran ayyuka suna tafiya. Masana a Amurka, musamman John McCarthy, suna irin wannan tunani a daidai lokacin, kuma su ne suka faɗaɗa shi zuwa mutane da yawa suna aiki da inji ɗaya. A wannan shekara ce Strachey ya bar aikin hukuma ya buɗe ofishinsa na ba kamfanoni shawara. Ya ɗauki wani matashi mai suna Peter Landin a matsayin mataimaki, ya kuma ba shi damar yin bincike a kan tushen harsunan kwamfuta a cikin lokacin aiki.

6.0 Harshen CPL

Injin kansa lambobi kawai yake ganewa. Domin sauƙaƙa wa mutane, sai aka ƙirƙiro harsunan kwamfuta, waɗanda ake rubuta umarni da su cikin kalmomi da alamomin lissafi, sannan wani shiri na musamman ya yi aikin tafinta, ya juya rubutun zuwa lambobin inji. A 1962 Maurice Wilkes ya gayyaci Strachey zuwa Kambirij don ya shiga aikin tsara sabon harshe ga kwamfutar jami'ar mai suna Titan. An yi aikin tare da Jami'ar Landan, aka sa wa harshen suna CPL. Abokan aikinsa sukan yi zolaya cewa harafin farko na sunan yana nufin Christopher ne, saboda yadda ra'ayinsa ya rinjaya.

A nan ne rauninsa ya fito fili. Burin da aka ɗora wa harshen ya yi yawa, domin ana so ya dace da lissafin kimiyya da harkar kasuwanci duka. Strachey kuma ya fi damuwa da gyara ƙa'idojin harshen har su kai matuƙa, fiye da kammala tafintan da jami'a take jira. Aikin ya yi ta jan ƙafa, kuma CPL bai taɓa yaɗuwa ba. A 1965 ya bar Kambirij.

Duk da haka, wahalar ba ta tafi a banza ba. Martin Richards, wanda ya yi aiki a kan CPL yana ɗalibi, ya rage masa nauyi ya fitar da ƙaramin harshe mai suna BCPL a 1967. Daga BCPL Ken Thompson na Amurka ya samar da harshen B, daga B kuma Dennis Ritchie ya samar da harshen C a farkon shekarun 1970. Da harshen C da 'ya'yansa aka rubuta babban kaso na tsare-tsaren da ke tafiyar da kwamfutoci da wayoyin hannu. Ke nan CPL shi ne kakan kakansu.

7.0 Oksifod da Ilimin Ma'ana

A 1965 aka kafa Rukunin Binciken Shirye-shiryen Kwamfuta a Jami'ar Oksifod, aka naɗa Strachey shugabansa. Ya yi shekara guda a cibiyar MIT ta Amurka, sannan ya kama aiki a Oksifod a 1966. A 1971 jami'ar ta ba shi kujerar farfesa.

Matsalar da ya sa a gaba ita ce wannan. Tun a 1960, masu tsara harshen ALGOL 60 sun samo hanyar bayyana ginin jimlar harshen kwamfuta da ƙa'idoji tsayayyu, waɗanda ba su bar wurin shakka ba. Amma idan aka zo kan ma'ana, sai su koma bayani da Ingilishi na yau da kullum. Ingilishi kuwa, kamar kowane harshen ɗan Adam, yana da harshen damo. Mutum biyu za su karanta bayani ɗaya, kowa ya rubuta tafintansa, shiri ɗaya ya ba da amsa biyu a inji biyu. Idan shirin na lissafin albashi ne ko na sarrafa jirgin sama, wannan saɓani ba ƙaramin haɗari ba ne.

Matakin farko da Strachey ya ɗauka irin na malamin aji ne: ya rarrabe abubuwan da ake cakuɗawa, ya ba kowanne suna. A laccocin da ya gabatar a babban birnin ƙasar Denmak a 1967 ya yi irin wannan rarrabewa da dama. Misali, masu rubuta shiri sukan ba da umarni cewa x ya zama x a tara da 1. Ga ɗalibin lissafi wannan kamar shirme ne. Strachey ya nuna cewa x na hagu yana nufin mazubi, wato gurbin da ke cikin ma'ajiya, x na dama kuma yana nufin abin da ke cikin mazubin. Hausa ma tana yin haka. Idan aka ce tukunya ta fashe, mazubin ake nufi, idan kuwa aka ce tukunya ta tafasa, abin da ke cikinta ake nufi. Sunayen da ya ba waɗannan biyu, ƙimar hagu da ƙimar dama, suna nan a littattafan koyar da harshen C.

Haka kuma ya bambanta hanyoyi biyu da suna ɗaya yake aiki a kan abubuwa iri-iri. A hanya ta farko, aikin yana sauyawa gwargwadon abin da aka haɗa shi da shi, kamar yadda aikatau ci yake sauya ma'ana a cin tuwo da cin jarrabawa da cin amana. A hanya ta biyu, aikin ɗaya ne ko mene ne aka ba shi, kamar ƙirga, wadda ba ta damu da awaki ake ƙirgawa ko littattafai ba. Waɗannan laccoci sun yi ta yawo a hannun masana a matsayin kwafi, ba a buga su a mujalla ba sai a shekarar 2000, domin Strachey mutum ne mai nawar wallafa abin da ya rubuta.

Mataki na biyu shi ne bayyana ma'ana da lissafi. A ganin Strachey, ma'anar umarni ita ce sauyin da yake kawowa: ma'ajiya tana cikin wani hali kafin a aiwatar da shi, ta koma wani hali bayan an aiwatar. Idan aka rubuta wannan sauyi da lissafi ga kowane irin umarni, to ma'anar dogon shiri za ta fito daga ma'anar sassansa da yadda aka haɗa su, kamar yadda ma'anar jimla take fitowa daga ma'anar kalmominta da tsarinsu. Don rubuta wannan ya ari wani tsarin alamomi da ake kira lissafin lamda, wanda Alonzo Church ya ƙirƙiro a shekarun 1930. Sai dai akwai giɓi, domin babu wanda ya tabbatar da cewa alamomin suna nuni ga wani abu tabbatacce a lissafi, musamman inda umarni yake maimaita kansa ko yake kiran kansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1969 Strachey ya haɗu da Dana Scott, masanin manɗiƙi ɗan Amurka, a wani taro a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Scott ya zo Oksifod a ƙarshen wannan shekara suka yi aiki tare. Da farko yana ganin lissafin lamda ba shi da tushe, har ya ba da shawarar a nemi madadinsa. Cikin 'yan makonni kuma sai shi da kansa ya gano tushen da ake nema. Dabararsa ita ce a jera amsoshi gwargwadon yawan bayanin da suke ɗauke da shi, a fara daga rashin amsa sam, wato halin shirin da bai tsaya ba. Ma'anar umarni mai maimaituwa sai ta zama iyakar da ake kusanta idan aka duba abin da zagaye 1 yake bayarwa, da 2, da 3, haka har gaba. Sun wallafa takardar haɗin gwiwa a 1971, kuma har yau ana kiran wannan hanya da sunayensu su biyu.

Strachey bai yarda a raba nazari da aiki ba. Yana ganin mai aikin da ba shi da tushen nazari zai yi ta tafka kurakurai, mai nazarin da ba ya taɓa aiki kuma zai ɓata lokaci a kan abin da ba shi da amfani. Saboda haka, a daidai lokacin da yake wannan zurfin lissafi, shi da Joe Stoy sun rubuta tsarin tafiyar da ƙaramar kwamfutar rukuninsu da harshen BCPL, suka wallafa bayaninsa a 1972.

8.0 Rasuwarsa

A shekarunsa na ƙarshe ya duƙufa tare da Robert Milne wajen rubuta wani dogon nazari don shiga gasar Kyautar Adams ta Jami'ar Kambirij, jami'ar da ta taɓa hana shi gurbin bincike. Aikin ya gajiyar da shi ƙwarai, kuma ba su ci gasar ba. Suna cikin mayar da nazarin littafi sai ciwon shawara ya kama shi. Ya ɗan samu sauƙi ya koma aiki, sannan ciwon hanta ya kwantar da shi. Ya rasu a Oksifod ranar 18 ga Mayu, 1975, yana da shekara 58. Milne ya kammala littafin, aka buga shi cikin juzu'i 2 a 1976. A 1977 Stoy ya wallafa littafin da ya sauƙaƙa wa ɗalibai hanyar Scott da Strachey, a wannan shekara kuma Tony Hoare ya gaje shi a shugabancin rukunin. Daga baya Jami'ar Oksifod ta sa wa wata kujerar farfesa da wasu laccoci na musamman sunansa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda Christopher Strachey ya tashi a gidan ilimi, ya fita jami'a da sakamako mai rauni, ya yi aikin kamfani a lokacin yaƙi, ya koyar a sakandare, sannan ya shiga fagen kwamfuta yana da shekara 34. An ga gudummawarsa a wasan daraf da kiɗa da tsara injuna da raba lokaci, da kuma gazawar CPL wadda ta haifar da harsuna masu amfani. Mafi girman aikinsa shi ne ɗora ma'anar harsunan kwamfuta a kan tushe na lissafi. Idan aka lura, hanyar da ya bi a wannan aiki ita ce wadda ya bayyana wa Turing tun yana Harrow: a tattara misalai, a gano abin da suka yi tarayya a kai, a fitar da ƙa'ida, a sake gwada ta. Malamin da ke gaban ɗalibai yana bin waɗannan matakai a kowane darasin nahawu, kuma yana da kyau ya riƙa tuna cewa yaron da sakamakonsa bai yi kyau ba a yau, mai yiwuwa ne bai riga ya haɗu da fagen da zai tsaya a kai ba.

10.0 Tambayoyi

1. Kawo matakai 3 na koyo da Strachey ya bayyana, sannan ka tsara darasin minti 40 a kan jinsi a Hausa wanda ya bi waɗannan matakai.
2. Yi bayanin yadda shirin wasiƙun soyayya yake aiki. Zana jadawalin musanya mai gurabe 4, ka fitar da jimloli 5 daga cikinsa, ka nuna waɗanda gininsu ya yi daidai amma ma'anarsu ba ta zauna ba.
3. Mene ne bambancin ƙimar hagu da ƙimar dama? Kawo misalai 2 daga Hausa inda kalma ɗaya take nufin mazubi a wata jimla, ta nufi abin da ke cikinsa a wata.
4. Me ya sa harshen CPL bai yaɗu ba, kuma ta wace hanya tasirinsa ya wanzu?
5. Tattauna rawar da Dana Scott ya taka a binciken Strachey.